Ciwon Mazaunai a Doguwar Tafiyar Keke: Laifin Sirdi ne ko na Ɗaurinsa?

Nura:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawara a kan wata matsala da ke neman raba ni da doguwar tafiya a keke. Keken da nake hawa na gwanjo ne mai giya, mai miƙaƙƙen kai da siririn sirdi, kuma a zirga-zirgar cikin gari ba ya ba ni wahalar komai. Amma duk ranar da muka ɗauki hanyar Wudil, wadda nisanta daga Kano bai wuce kilomita 40 da 'yan kai ba, tun kafin mu hango gada mazaunaina suke ɗaukar zugi, fatar matsematsina ta yi ta raɗaɗi, wani lokacin ma gabana ya mutu in daina jin komai a wurin har sai na sauka na ɗan taka. Abokan hawana suna shirin zuwa Zariya bayan damina, ni kuwa ina tsoron kada in zame musu kaya a hanya. Wani ya ce in sa wa sirdin riga mai soso, wani kuma ya ce in cire shi ɗungurungum in ɗaura babba mai sifirin. Kafin in kashe kuɗi ina so in ji ta bakin waɗanda suka riga ni sanin keke.

Baba Ilu:
Wa alaikumus salam, Nura ɗana. Wanda ya ce ka ɗaura babban sirdi shi ya gaya maka gaskiya. Mu da muka yi ƙuruciyarmu a kan Raleigh, kafin Phoenix ta shigo ta cika kasuwa, mun yi jigilar hatsi da gyaɗa daga ƙauye zuwa kasuwannin mako, buhu a kariya, mu wuni a hanya, kuma ban taɓa jin ɗayanmu ya ce gabansa ya mutu ba. Sirdunanmu na fata ne masu faɗi, da sifirin biyu a baya, wani ma har da na uku a gaba, duk ramin da taya ta faɗa sifirin ne yake shanye shi kafin ya iso jikin mutum. Wannan ɗan tsukukun abin da kuke hawa yanzu, ban ga yadda ɗan Adam zai zauna a kansa awa uku ya tashi lafiya ba.

Bashir:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Maganar Baba daidai take a kan keken da ya hau, amma ina tsoron idan Nura ya ɗauke ta ya ɗora a kan nasa keken, ciwo zai ƙara wa kansa, domin zaman ba iri ɗaya ba ne. A Raleigh da Phoenix kan keken ya fi sirdi tudu, kuma ya lanƙwaso baya wajen mahayi, saboda haka mutum a miƙe yake zaune, kusan dukkan nauyinsa a kan mazaunai, kuma irin wannan zama lalle yana buƙatar faffaɗan sirdi mai sifirin. Keke mai giya kuwa an ƙera shi ne don mutum ya sunkuya gaba, nauyinsa ya rabu tsakanin hannuwa da feda da sirdi. Idan mutum ya sunkuya, ƙugunsa yana mirginawa gaba, ɓangaren ƙashin da ke taɓa sirdi ya koma inda ya fi tsukewa, cinyoyi kuma su riƙa hawa da sauka dab da gefen sirdin. Faffaɗan sirdi a wannan hali gogar cinya zai riƙa yi a kowane juyi, kuma wanda yake juya feda sau 80 a minti ya juya ta sau 4,800 ke nan a awa guda. Babu fatar da za ta jure wannan gurza daga Kano har Zariya.

Rigar soso kuma ta mai zuwa kasuwa ya dawo ce. A dogon zango zamewa take yi, ta naɗe, ta sha gumi, sai ta zama ita ce mai cin fata.

Malam Habu mai gyara:
Nura, kada ka sayi komai tukuna. A cikin kekunan da ake kawo mini da irin wannan kuka, mafi yawansu sirdin lafiyarsa ƙalau, ɗaurin ne ba daidai ba, gyaran ɗauri kuwa sifana kawai yake ci. Ka fara da tsayi. Ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora dunduniyarka a kan feda, ka juya ta har ta kai can ƙasa. A nan ya kamata ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ka karkata ƙugu don ka kamo fedar ba. Idan ka mayar da tudun tafin ƙafarka kan fedar, wato yadda ake tuƙi, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa, to tsayin ke nan. Samari da yawa suna ɗaga sirdi fiye da kima don sun ga hotunan 'yan tsere, sai ƙugu ya riƙa rangaji dama da hagu, matsematsi yana gurzar sirdi a kowane taku. Ka sa wani ya biyo ka a baya ya kalli ƙugunka, in ya ga yana rangaji, sirdin ya yi tsawo. In kuwa ya yi ƙasa da yawa, ƙafa ba za ta ɗauki rabonta na nauyi ba, komai ya tare a mazaunai, gaban gwiwa kuma ya fara ciwo.

Sai karkatar sirdin, wadda ita nake zargi a kan mutuwar gaban da ka ambata. Ka tsayar da keken a daɓe marar gangara, ka ɗora ɗan katako a kan sirdin daga hanci zuwa baya, ka kwantar da kwalbar ruwa da ba a cika ba a kan katakon, ka duba inda iskar cikinta ta tsaya. In ta gudu wajen hanci, hancin ya ɗaga, kuma shi ne yake tokare ka. In ta gudu baya, hancin ya sunkuya, za ka riƙa zamewa gaba kana tura kanka baya da hannuwa, ka sauka da ciwon wuyan hannu da kafaɗa. A kekunan gwanjo sau da yawa haƙoran maƙalin da ke riƙe sirdi sun cinye, sai ka daidaita shi da safe, rami ɗaya ya mayar da hancin sama ba ka sani ba. Irin wannan maƙali canza shi ake yi, ƙara ɗaure noti ba ya maganinsa.

Bashir:
Ga wanda yake son lissafi a kan abin da Malam Habu ya faɗa, akwai hanyar da aka fi sani da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990. Mutum zai tsaya ba takalmi, bayansa a bango, ya sa littafi mai kauri a tsakanin cinyoyinsa ya tura shi sama yadda sirdi zai tokare shi, sannan a auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Abin da aka samu sai a ninka shi da 0.883, sakamakon shi ne nisan da zai kasance daga tsakiyar wurin da ƙarfen feda yake juyawa a jikin keke zuwa saman sirdi, ana bin sandar sirdin. Wanda ya samu santimita 80, alal misali, tsayin sirdinsa zai kama 70.6.

Malam Habu mai gyara:
Lissafin yana da kyau, Malam Bashir, amma mafari ne kawai, don bai san wane takalmi mutum zai sa ba. Mai tuƙi da silifa da mai tuƙi da kambas mai kaurin ƙasa ba za su yi tsayi ɗaya ba ko da tsawon ƙafarsu ɗaya ne. Abin da nake roƙon mutane shi ne su naɗa salatif a jikin sandar kafin su kwance komai, domin su san inda suka taso, kuma su canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauke sirdi, ya karkata shi, ya tura shi gaba, duk a rana guda, in ya ji sauƙi bai san me ya yi aiki ba, in ciwo ya ƙaru bai san me zai mayar ba.

Malama Zainab:
Assalamu alaikum. Ni aikina gashin ƙashi ne a asibiti, kuma na lura Nura ya haɗa ciwuka daban-daban a kuka ɗaya, alhali ba duka ake yi wa haƙuri ba. A ƙasan ƙugu akwai ƙasusuwa biyu masu tudu, waɗanda kowa zai ji su idan ya zauna a benci ya sa hannu ƙarƙashinsa. Su ne masu ɗaukar nauyin zama, kuma zugin da sabon mahayi yake ji a kansu yana raguwa da sabo cikin 'yan makonni, muddin yana ƙara nisa sannu a hankali. A tsakaninsu kuwa, daga dubura zuwa gaba, nama ne mai laushi wanda jijiyar ji da hanyoyin jini masu zuwa al'aura suke bi ta cikinsa. Idan nauyi ya sauka daga kan ƙasusuwan nan ya koma tsakiya, jijiyar tana matsuwa, jini ya ragu, kuma wannan ita ce mutuwar wurin da Nura yake ji. Ita ba a saba da ita, kuma duk wanda ya ji ta fara, ya miƙe a kan feda ko ya sauka nan take, kada ya ce sai an kai zango.

A nan ne soso mai yawa yake yaudarar mutane. Wanda ya zauna a kan buhun auduga, ƙasusuwansa nutsewa za su yi, audugar kuma ta taso ta cika tsakiya ta tokare shi, to haka sirdi mai laushi sosai yake yi. A farkon hawa yana da daɗi, bayan awa guda kuwa ya kai matsi daidai inda ba a so. Abin nema shi ne sirdi mai ɗan tauri wanda faɗinsa ya isa ƙasusuwan biyu su zauna a kansa daram.

Ana iya auna wannan a gida. A samo kwalin katan mai kauri a ɗora a kan benci, a zauna a kansa da wando marar nauyi, ƙafafu a kan wani abu mai ɗan tudu, a sunkuya gwargwadon yadda ake yi a keke, a danna na ɗan lokaci. Idan aka tashi za a ga lotsawa biyu, a goga alli a kwance don su fito sosai, sannan a auna daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar ɗaya. Yawancin manya suna samun tsakanin santimita 10 da 14, na mata ya fi faɗi a galibi, kuma ƙiba ko rama ba su ne ke nuna shi ba, domin na sha ganin siriri mai faffaɗan ƙugu. Faɗin sirdi ya kamata ya ɗara wannan awo da kamar santimita 2, wanda zamansa ya fi miƙewa kuma ya ƙara a kan haka.

Kabiru:
Malama, tun da kin shigo, bari in yi tambayar da na san mutane da yawa a nan suna jin nauyin yi. A unguwarmu magana ce sananniya cewa yawan hawan keke yana kawo basir, wasu har suna cewa yana raunana namiji. Yayana saboda wannan magana ya jingine kekensa ya koma hawan haya. Shin akwai gaskiya a ciki, ko kuwa zancen majalisa ne?

Malama Zainab:
Malam Kabiru, tambayar lafiya ba a jin nauyinta. Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, kuma abubuwan da aka fi danganta shi da su su ne taurin bayan gida, da yawan yunƙuri, da daɗewa a tsugune a ban ɗaki, da juna biyu ga mata. Hawan keke ba ya cikin sanannun masu haddasa shi, sai dai wanda nasa ya riga ya taso, sirdi da gumi za su tsananta masa, don haka gara ya huta har ya lafa. Ina ƙara da cewa wanda yake wuni a rana yana zubar da gumi ba ya shan isasshen ruwa yana jawo wa kansa taurin bayan gida, kuma ta wannan ƙofar ce za a ɗora wa keke laifin da ba nasa ba.

Magana ta biyu kuwa tana da tushe, amma ba yadda ake yaɗa ta ba. A 2009 hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike a kan lafiyar ma'aikata, ta fitar da takardar shawara bayan nazarin da ta yi a kan 'yan sandan da ke sintiri a keke awanni masu yawa, inda ta ba da shawarar amfani da sirdi marar hanci domin rage matsi a tsakiya, da mutuwar gaba, da raunin da ke iya biyo baya. Abin lura shi ne matsin ne matsalar, kuma matsi ana iya kawar da shi ba tare da an bar keke ba. Yayanka da ya gyara zamansa ya ci gaba da hawa, da ya fi masa, domin motsa jikin da ya bari yana taimakon zuciya da hanyoyin jini, waɗanda lafiyar namiji ta dogara da su. Wanda kuwa ya sauka daga keke wurin ya kwana bai farfaɗo ba, ko ya ga canji a fitsarinsa, wannan likita zai gani, ba mai gyaran keke ba.

Bashir:
Sirdi marar hanci na taɓa hawansa a keken wani, kuma abin da na gani shi ne yana rage matsi ƙwarai, amma riƙon keke yana ƙara wuya, domin ba mu ankara ba muna sarrafa keke da cinyoyi ta hanyar hancin nan, musamman idan an saki hannu ɗaya don shan ruwa ko an shiga kwana da gudu. A kan titi mai manyan motoci irin na Zariya ba zan ba sabon mahayi shawararsa ba. Matsakaicin mafita shi ne sirdi mai tsaga ko kwari a tsakiya, da sharaɗin faɗinsa ya yi daidai, don idan ya yi wa mutum kaɗan, gefunan tsagar ne za su koma suna yankarsa.

Akwai kuma abin da ba mu taɓo ba, wato tufafi, kuma raɗaɗin fatar da Nura ya ambata rabinsa daga nan yake. Kamfai na auduga yana riƙe gumi, yana da ɗinki da roba daidai inda cinya ta haɗu da jiki, wandon jins kuma yana da ƙullin ɗinki mai kauri a tsakiya, wanda mutum yake zaune a kansa tun daga tashi har isa. Gajeren wandon 'yan keke an yi shi ne da ɗan matashi marar ɗinki a tsakiya, yana manne da jiki don kada ya naɗe, kuma ba a sa kamfai a ƙarƙashinsa, in an sa an ɓata amfaninsa.

Baba Ilu:
Bashir, a nan kam ba na tare da kai. Wannan matsattsen wando da ke bayyana surar mutum, ba zan so in ga ɗana ya ratsa garuruwa a cikinsa ba, ya tsaya a ƙauye neman ruwa yara suna binsa da kallo. Kuma da wane tufafin zai yi salla idan azahar ta riske shi a hanya?

Bashir:
Gaskiyar Baba ce, kuma ni ma ba na fita da shi tsirara haka. A matsayin kamfai nake sa shi, in ɗora dogon wando sakakke marar nauyi a kai, in cusa bakin ƙafar dama a cikin safa don kada sarƙa ta kama shi. Babu wanda zai san yana jikina, kuma suturar salla ta cika. Abin da ya fi muhimmanci shi ne idan an kai masauki a cire shi nan da nan, a yi wanka da sabulu marar ƙarfi, a busar da jiki sosai, kada a zauna hira a cikinsa gumi yana bushewa a fata. Shi kuma a wanke shi bayan kowace fita, a juya cikinsa waje a shanya a rana. Wanda zai saya wajen 'yan gwanjo ya matsa matashin da yatsa ya gani, in bai taso ba ya riga ya mutu, kuɗinsa kawai zai zubar.

Isuhu na Maraɗi:
Gaisuwa ga dattawan zaure. Ina so in kawo maganar taya, don mu nan da zarar ka bar kwalta ka shiga hanyar burji mai gargada, taya ce take yanke hukuncin yadda za ka sauka. Masu faci da yawa suna cika taya har ta yi tauri kamar ba iska ce a ciki ba, a ganinsu hakan ya fi gudu kuma ya fi kare tib. A kan gargada irin wannan taya tsalle take yi, kowane tudu ya bi sandar sirdi ya daki mutum kai tsaye. Idan aka rage iskar kaɗan, yadda babban yatsa zai iya lotsa ta ɗan kaɗan amma ba ta kai ga gargare ya daki dutse ba, rabin jijjigar tana mutuwa a ƙasa. Wanda firam ɗin kekensa zai karɓi taya mai ɗan faɗi, ya sa, don mai faɗi tana ɗaukar nauyi da iska kaɗan.

Sannan kada mutum ya manne da sirdi. Duk bayan minti 10 ko 15 ya sa giya mai nauyi ya miƙe a kan feda na ɗan lokaci, jini ya koma inda aka matse, haka kuma duk inda ya hango rami ko tudun rage gudu ya ɗaga jikinsa gwiwoyi su shanye. Ga fata kuwa ni man kaɗanya nake shafawa a matsematsi kafin in tashi, musamman da hunturu lokacin da jiki yake bushewa ƙura kuma tana shiga ko'ina.

Malama Zainab:
Man kaɗanya tsaftatacce ba shi da laifi don rage gogayya, amma a shafa kaɗan, kuma a wanke shi bayan sauka, domin mai da gumi da ƙura idan suka kwana suna toshe ƙofofin gashi, daga nan ƙuraje suke farawa. Ina roƙon kada a shafa man zafi ko turare a wurin, kada kuma a yi aski a daren tafiya. Idan ƙurji ya fito a daina hawa har ya warke, kada a matse shi. In ya zama maruru mai zafi da kumburi, ko zazzaɓi ya biyo baya, a je asibiti, mai ciwon sukari kuwa kada ya jira ya kai haka.

Baba Ilu:
Na ji bayanin Malama, kuma na lura da abu ɗaya da ya faranta mini rai. Ta ce a nemi sirdi mai tauri marar soso, to ai namu na dā haka yake. Fata ce zalla aka ja a kan ƙarfe, babu ko ƙyallen auduga a ciki. Sabonsa yana da wuya, amma bayan wata biyu ko uku za ka ga ramuka biyu sun fito a fatar daidai inda ƙasusuwanka suke zama, har idan wani ya ari kekenka sai ya dawo yana cewa sirdinka bai karɓe shi ba. Saboda haka ban janye maganata duka ba.

Bashir:
Kada Baba ya janye ta, domin masu yawon duniya a keke har gobe da yawansu fata suke hawa. Kamfanin Brooks na Ingila yana ƙera samfurin B17 tun ƙarshen ƙarni na 19, faɗinsa santimita 17 da rabi, ba soso ba sifirin, kuma an san shi a wurin masu dogon zango. Inda muka rabu da Baba shi ne faɗi da sifirin, ba fata ba. Na Phoenix ya haura santimita 20 saboda zaman miƙe, kuma sifirin mai laushi yana sa mai saurin juya feda ya riƙa lilo a kai. Matsalar na fata ga Nura ita ce tsada da kuma lokacin sabo, domin ba a ɗaura sabon sirdin fata ana saura mako guda a tafi Zariya.

Malam Habu mai gyara:
Kuma ruwa makashinsa ne. Sirdin fata da ya jiƙe aka hau shi a jiƙe yana saki ya zama kwaroro, gefunansa su buɗe su kama cin cinya. Da damina leda ake ɗaura masa in an ajiye. A ƙarƙashin hancinsa akwai notin da ke ɗame fatar, ana juya shi kaɗan idan ta saki, amma masu gaggawa suna ta ɗaurewa har fatar ta yage a wajen ƙusoshi.

Nura:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi awon kamar yadda aka koya mini. Tsawon ƙafata ya ba ni santimita 81, wanda a lissafin Yaya Bashir ya kama 71.5, sirdina kuwa na same shi a 74. Da na kwantar da kwalba iskar ta tafi wajen hanci. A kwali na samu santimita 12 da rabi tsakanin ramukan, faɗin sirdin kuma 13 ne kacal. Malam Habu, da wanne zan fara, kuma shin in nemi sabon sirdi tun yanzu?

Malam Habu mai gyara:
Ka fara da hancin yau ɗin nan, ka daidaita shi, ka duba haƙoran maƙalin kafin ka ɗaure. Tsayin kuma kada ka sauke santimita 2 da rabi a tashi ɗaya, ƙafarka ta saba da inda yake, ka rage santimita 1 ka yi 'yan kwanaki kana hawa, sannan ka ƙara ragewa har ƙugu ya daina rangaji. Ka sani sandar sirdi a karkace take, saboda haka duk lokacin da ka sauke ta sirdin yana matsawa gaba, kuma in ka sauke duka abin da lissafi ya nuna zai matsa kusan milimita 7. Don haka bayan ka gama da tsayi, ka hau ka sa ƙarafan feda su kwanta a miƙe, ɗaya gaba ɗaya baya, wani ya saki zare mai noti a ƙarshensa daga gaban gwiwarka ta gaba. Zaren ya sauka kusa da tsakiyar feda, in ya wuce gaba sosai ka tura sirdin baya a kan ƙarafansa, amma kada ka wuce alamar da aka zana a jikinsu.

Faɗin kam a bisa awonka sirdin ya yi maka kaɗan, kana buƙatar wanda ya kai santimita 14 da rabi ko kusa da haka. Sai dai kada ka saya da ido. A cikin abokan hawanka ka nemi mai irin wannan faɗin ya ara maka na fita ɗaya mai nisa, domin sirdi biyu masu awo ɗaya suna iya bambanta a doro, wani shimfiɗaɗɗe wani mai gangara ta gefe, kuma mai gangarar faɗinsa na aiki bai kai abin da tef ya nuna ba. In ka ɗaura na aron ka sake auna tsayi daga farko, don kaurin sirduna ba ɗaya ba ne.